Rumbun da Muke Rushewa Mu Sake Ginawa

Wata ranar Litinin cikin hunturun ƙarshen 2023 na buɗe ɗakin kwamfutocinmu, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, tana fitowa daga akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Duk wanda ya daɗe yana kula da kwamfuta ya san wannan ƙarar, faifan ajiya ne yake sallama. A ƙarshen makon an yi ta ɗauke wuta ana kawowa, batiran inbata sun daɗe da gajiya, ga ƙura ta toshe fankar akwatin har ta yi kamar auduga. Na kashe na kunna sau uku, allon bai nuna komai ba sai rubutun da ke cewa ba a ga faifai ba. A cikin wannan akwatin rumbun bayanan bincikenmu yake zaune.

Ina aiki ne a sashen kwamfuta na wata cibiyar binciken noma a nan birnin Kano. Masu bincikenmu sukan fita Kura da Bunkure da Garun Malam, su auna gonakin gwaji na dawa da gero da wake, su bi farashin hatsi a Dawanau, su ɗauki amsoshin manoma a waya da manhajar KoboToolbox. Kafin mu yi rumbu, waɗannan bayanan a warwatse suke: wasu a filasha, wasu a imel, wasu a laftof ɗin ɗalibin da ya gama digirinsa ya yi gaba. Sai masu ba da tallafin bincike suka fara gindaya sharaɗin cewa dole a ajiye bayanai inda wani zai iya nemo su, ya sauke su, ya gane su, ya kuma sake amfani da su. Wannan shi ne abin da ake kira ƙa'idojin FAIR, waɗanda aka wallafa a 2016. Shi ya sa muka zaɓi Dataverse, manhajar da aka fara ginawa a Jami'ar Harvard ta Amurka, kyauta ce kuma a buɗe take. Cibiyoyin binciken noma irin su ICRISAT da CIMMYT ma da ita suke ajiye nasu bayanan.

Ni na girka ta a wancan akwatin, da hannuna, cikin kusan sati uku. Dataverse ba manhaja ɗaya ba ce da za ka latsa ta shiga. Sai ka sa Java, ka sa Payara wadda ita ce ke ɗauke da manhajar, ka sa PostgreSQL mai riƙe bayanin kowane kundi, wato tarin bayanan bincike guda, ka sa Solr mai aikin nema, sannan ka sa Apache a bakin ƙofa. Kowacce da nata saitin, kuma in ɗaya ta ƙi sauran ma sai su noƙe. A waɗannan makonnin na yi gyare-gyare ba iyaka, wasu da tsakar dare, na rubuta kaɗan a littafina, sauran na bar su a kaina.

Da na je ofishin Farfesa, shugaban cibiyar, tambayarsa ta farko ita ce, "Bayanan sun tafi ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, fayilolin suna nan a faifan waje. Ginin ne ya rushe."

"To a sake ginawa mana. Kwana nawa za ka ɗauka?"

Nan na yi shiru. Gaskiyar magana ban san kwana nawa ba, domin ban san takamaiman abin da na yi a karon farko ba. Daga baya kuma muka gano cewa kwafin ma'adanar PostgreSQL da ke hannuna ya yi wata biyu. Hajiya mai kula da laburarenmu, wadda ita ke cike bayanin kowane kundi, sunan mai bincike da wurin da aka yi aikin da ma'anar kowane layi na tebur, sai da ta sake zaman wata biyun nan daga farko. Ba ta ce mini komai ba sai "Allah Ya kiyaye gaba, Malam." Wannan maganar ta fi faɗa yi mini nauyi, kuma a ranar na ƙudurta cewa ba zan ƙara gina uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, da hannu ba.

Shawara biyu na kai wa Farfesa. Ta farko mu bar akwatin ƙarƙashin tebur mu yi hayar uwar garke a gajimare, wato kwamfutar wani kamfani da ke zaune a cibiyarsa mai wuta da sanyi dare da rana. Ta biyu, kuma ita ce ta fi muhimmanci a wurina, kada a taɓa wannan uwar garken da hannu. Duk abin da za a yi mata a rubuta shi a fayil, na'ura ta karanta ta aiwatar.

Ta farkon ce ta jawo muhawara, saboda da dala ake biya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Akawunmu ya ce, "Malam, yau ka ce mini kaza, wata mai zuwa ka zo da wani lissafin, ina zan sa wannan a kasafi?" Yana da gaskiya. Ga shi a lokacin katin naira na yawancin bankuna ba ya biyan komai a waje, sai ta asusun dala na tallafin da muke da shi. Abin da na yi shi ne na zauna na haɗa masa kuɗin sababbin batira da man janareta da sabon faifai da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na ajiye kusa da kuɗin hayar. Na kuma nuna masa cewa uwar garken gwaji ba za ta kwana a kunne ba. Tunda da awa ake lissafi, za mu gina ta da safe mu rushe ta kafin la'asar. Ban san a lokacin ba cewa wannan alƙawarin na tsimin kuɗi shi zai fi komai gyara aikin.

Sai maganar inda za a ajiye ta. Amazon ta buɗe cibiyarta ta Cape Town a Afirka ta Kudu tun 2020, kuma zuciyata ta fi kwanciya da a ce bayanan manoman Kano suna nahiyarmu. Amma da na auna saurin amsa daga ofishinmu, sai na ga Landan ba ta fi nisa ba a hanyar intanet. Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, mu kuwa takardun tambayoyinmu cike suke da sunayen manoma da lambobin wayarsu da ma'aunin da ke nuna ainihin inda gonar mutum take. Muka yanke cewa waɗannan ba za su hau gajimare ba ko kaɗan. Ana cire su tun a ofis, a maye gurbin sunan mutum da lamba, a bar sunan ƙaramar hukuma kawai. Ina ganin ko da babu doka haka ya dace. Manomin da ya ba ka ruwa a ƙofar gidansa ya faɗa maka buhu nawa ya noma da bashin da ake binsa, amana ya ba ka.

A watan Janairun 2024 na fara rubutun. Kayan aiki biyu na ɗauka. Na farko OpenTofu, wanda ya samo asali daga Terraform bayan kamfanin HashiCorp ya sauya lasisinsa a Agustan 2023. Aikinsa kamar na wanda zai samo fili ne ya zagaye shi da katanga ya sa ƙofa: shi ke gaya wa kamfanin gajimare cewa ina son uwar garke mai ƙwaƙwalwar gigabait 8, da Rocky Linux a kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da adireshi tsayayye, da wurin ajiyar fayiloli. Na guji CentOS 7 da tsohon akwatinmu ke kai, tunda an riga an sanar cewa ranar 30 ga Yunin 2024 za a daina kula da ita. Na biyu Ansible, shi ne magini. Yana shiga uwar garken ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, ya bi jerin umarnin da ka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an girka wani abu nasa a can ɓangaren ba. Masu shi suna kiran jerin umarnin playbook, mu a ofis kundi muke ce masa, kodayake daban yake da kundin bayanan bincike. Na yi sa'a ƙungiyar masu amfani da Dataverse ta duniya tana da nata kundin na Ansible a GitHub, don haka ban fara daga babu ba. Na ɗauko shi na karanta layi-layi, na cike abin da ya shafe mu, na ƙara namu a gefe.

Makon farko rigima da rubutu kawai na sha. Ana rubuta kundin ne da tsarin YAML, shi kuwa tazarar da ka bari a farkon layi ita ce ma'anarsa. Ka ƙara gurbi ɗaya ko ka rage, umarnin ya koma ƙarƙashin wani abu daban. Na taɓa ɓata yini guda a kan layi ɗaya da na kwafo daga wani wuri ya zo da tazarar da ido ba ya gani.

Amma akwai wata ɗabi'a ta Ansible da ta sauya mini tunani gaba ɗaya. Ba ka ce masa "girka PostgreSQL". Abin da kake rubutawa shi ne "PostgreSQL ta kasance a girke". In ya je ya tarar tana nan sai ya wuce, ya nuna maka layin da kore. In babu sai ya girka, ya nuna da ruwan ɗorawa, alamar ya canza wani abu. In ya kasa sai ya tsaya da ja. Saboda haka kana iya tura kundi ɗaya sau goma, ba abin da zai ɓaci. Na koyi cewa kundi mai kyau shi ne wanda in ka tura shi karo na biyu, a ƙasan allo za ka ga adadin abin da ya canza sifili ne. In ruwan ɗorawa ya fito a karo na biyu, to akwai umarnin da ka rubuta da gaggawa. Na riƙa bin irin waɗannan layukan ɗaya-ɗaya har suka ƙare. Ranar da allon ya fito kore tas daga sama har ƙasa, na daɗe ina kallonsa kafin na tashi sallar azahar.

Na yi kuskure ɗaya babba a lokacin. Duk fayilolin a Git nake ajiye su don a san wanda ya canza me da kuma yaushe, sai ga shi na tura kalmar sirrin ma'adanar bayanai a fili cikinsu. Goge layin ba ya magani, tunda Git ba ya mantuwa, tsohon kwafin yana nan a tarihinsa. Dole na sauya kowace kalmar sirri, na kulle sababbin a Ansible Vault, wanda ke mayar da fayil rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Mabuɗin kuma muka rubuta shi a takarda, aka rufe a ambulan, aka sa a sef ɗin Farfesa. Tsaron ƙofofi ma a rubuce yake: ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda masu buɗe shafin ke bi, su kaɗai ke buɗe ga duniya, ta 22 ta shigar masu gyara sai daga adireshin da muka amince da shi, su kuwa 8080 ta Payara da 8983 ta Solr da 5432 ta PostgreSQL a rufe suke daga waje. Kafin na taƙaita ta 22, na duba rajistar uwar garken gwaji da ba ta yi yini ɗaya a duniya ba, na tarar da jerin ƙoƙarin shiga daga ƙasashen da ba mu da hulɗa da kowa a can. Na'urori ne kawai ke yawo suna murɗa kowace ƙofa su ji ko a buɗe take.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi yana kwana na huɗu, na tura umarnin ginin daga laftof ɗina da hantsi. Ya yi nisa sai komai ya tsaya cak. Na sauya layin waya, shi ma haka. Sai can muka ji cewa manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun katse a yankin gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun shiga matsala, har bankuna. Ni abin da ya same ni shi ne an bar gini rabi da rabi. OpenTofu yana da wani fayil da yake rubuta duk abin da ya riga ya gina, kuma wannan fayil ɗin a laftof ɗina yake, bai gama rubutuwa ba. Da sabis ya ɗan dawo sai da na shiga shafin kamfanin na lalubo abubuwan da aka ƙirƙira aka bari a kunne suna cin kuɗi, na goge su da hannu.

Wannan ranar ta koya mini cewa laftof a Kano bai kamata ya zama shi ke riƙe da aikin ba. Na yi hayar wata 'yar ƙaramar uwar garke mafi araha a can gajimaren, ita ce yanzu ke tura umarni. Ina shiga cikinta, in buɗe tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko da layina ya yanke, in tura kundin. Ko sabis ya ɗauke, ko batir ya mutu, ko na rufe laftof na tafi shan ruwa, aikin yana ci gaba, in na dawo in tarar da shi inda ya kai. Fayil ɗin lissafin OpenTofu ma na mayar da shi wurin ajiya na gajimare. Waɗanda suka rubuta jagororin waɗannan manhajoji ba su cika damuwa da wannan ba, don nasu sabis ɗin ba ya yankewa. A wurinmu shi ne abu na farko da ya kamata a koya wa mutum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin aikin duka shi ne maganar haruffa masu lanƙwasa. Hajiya ta nemi a ƙara wasu gurabe na musamman a takardar bayanin kundi: sunan iri da Hausa, sunan ciyawa ko ƙwaro kamar yadda manoma ke kiransa, da ƙaramar hukuma. Dataverse tana ba da damar haka, sai dai dole a sanar da Solr sababbin guraben. Na yi, aka fara cikewa. Wata rana Hajiya ta kira ni ofishinta, ta juyo mini da allon.

"Malam, dubi nan. Na san akwai kundi uku kan ƙuduji, ni na shigar da su. Wannan yaron ya nema ya ce babu."

Ɗalibin yana tsaye a gefe. Na ce ya sake rubutawa in gani. Ya rubuta "kuduji", da k maras lanƙwasa, kamar yadda kusan kowa ke rubutawa a waya. Ita kuwa Hajiya, mai kiyaye ƙa'idar rubutu, da ƙ ta shigar. A wurin na'ura haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Haka Ɗambatta da Dambatta, haka ɓera da bera. Solr yana da wata matata da ke daidaita irin waɗannan haruffa lokacin nema, ta ɗauki ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, ɓ a matsayin b, amma yadda na saita sababbin guraben ba su bi ta cikinta ba. Na san akwai asara a ciki, domin daga nan wanda ya nemi ƙasa zai iya samun kasa. Muka tattauna da Hajiya, ta ce gara mai nema ya samu fiye da abin da yake so da ya koma hannu rabbana, matuƙar a allo rubutun ya fito da lanƙwasarsa daidai.

Saboda ɗalibin yana jira, na shiga uwar garken kai tsaye na gyara fayil ɗin Solr da hannu, na sake jera bayanan. Ya nema ya samu, kowa ya ji daɗi. Na ce a raina gobe zan sa gyaran a kundin Ansible. Goben ba ta zo ba. Bayan sati biyu na tura kundin don wani ƙaramin sabuntawa, Ansible ya ga fayil ɗin ya saɓa da abin da ke rubuce, ya mayar da shi yadda yake a da. Aikinsa ya yi, bai yi laifi ba. Washegari Hajiya ta sake kira na, ƙuduji ya sake ɓata. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, na kuma rubuta ta a saman fayil ɗin bayani: duk gyaran da ba ya cikin kundi, a ɗauka ba a yi shi ba. Ko mutum na tsaye a kanka yana jira, a kundin za ka gyara, ka tura, ya ƙara haƙurin minti goma.

Sauran ƙananan abubuwa sun zo sun wuce. Saƙon imel na tabbatar da rajista ya ƙi fita saboda kamfanonin gajimare sukan toshe ƙofa ta 25 don hana masu tura tarkace, sai muka bi ta wata hanyar aika saƙo. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, don haka sabunta ta ma na'ura ke yi. Lambar DOI kuwa, wadda DataCite ke bayarwa don a riƙa ambaton kundi kamar yadda ake ambaton maƙala, ita ce na fi taka-tsantsan da ita, domin in aka wallafa ta ba a goge ta. Uwar garken gwaji tana da nata fayil ɗin saiti daban, da lambobin bogi da Dataverse ta tanada don gwaji, kuma ba ta taɓa ganin mabuɗin asusunmu na gaske.

Daga nan na koma kan abin da ya kawo mu, wato kwafin ajiya. Na raba ginin da kayan da ke ciki. Fayilolin bincike suna wurin ajiya daban na gajimare, irin wanda ake kira S3, ba a jikin uwar garken ba, kuma na sa masa alamar da ke hana OpenTofu goge shi ko da an ba da umarnin rushe komai. Ma'adanar PostgreSQL kuma ana kwafe ta kowane dare da ƙarfe biyu, kwafi ɗaya ya zauna a gajimare, wani kuma muna sauko da shi faifan waje a ofis duk Juma'a. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka san ko kwafi ne ba. Sai na tsara cewa a farkon kowane wata za mu gina sabuwar uwar garke daga babu, mu zuba mata kwafin daren jiya, mu duba, mu rushe.

A gwajin farko komai ya fito kore, na buɗe shafin, sai na ga rumbun fayau, babu kundi ko ɗaya. Gabana ya faɗi, na tuna akwatin ƙarƙashin tebur. Na leƙa cikin PostgreSQL na ga bayanan suna nan cif. Ashe shafin farko na Dataverse daga Solr yake karanto jerin kundaye, shi kuwa sabon Solr bai san komai ba sai an umarce shi ya sake jera su. Layi uku na ƙara a kundin Ansible. Da a ranar tashin hankali na gamu da wannan, da Farfesa a tsaye a bayana, ban san irin ɓarnar da zan yi cikin ruɗewa ba.

Gwajin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ban taɓa madannai ba. Akwai wata 'yar bautar ƙasa da aka turo sashenmu, ta karanta kimiyyar kwamfuta amma ba ta taɓa ganin Dataverse ba. Na ba ta fayil ɗin bayani, na karɓo mata ambulan daga ofishin Farfesa, na ce ta gina rumbun gwaji ita kaɗai. Na ɗauki kujera na fita ƙarƙashin dalbejiya na zauna, na ce kada ta kira ni sai ta rasa yadda za ta yi. Bayan kamar minti ashirin ta leƙo.

"Malam, ya ce ba ni da izinin shiga. Wane mabuɗi yake nema?"

Mabuɗin SSH ne, yana laftof ɗina, kuma ban ambace shi ko'ina ba don na saba da shi har na daina ganinsa. Na ce ta rubuta matakin da kanta, da kalmominta, yadda wanda zai zo bayanta zai gane. Ta sake leƙowa sau biyu, duk a kan abubuwan da na ɗauka kowa ya sani. A karo na gaba ba ta leƙo ba. Sai da ta fito ta ce, "Malam, ya tashi. Na nemi kuduji da k, ya kawo uku." Abin da ya ci mini sati uku da hannu, ta gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma yawancin awar jiran na'ura ta yi.

A ƙarshen Oktoban 2024 wuta ta ɗauke a mafi yawan jihohin Arewa sama da mako guda, bayan layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. Kano ta yi duhu, masu cajin waya suka cika da layi, ƙanƙara ta yi tsada, a ofis kuma awa uku kawai ake kunna janareta. Cikin waɗannan kwanakin ne wa'adin rahoton wani tallafi ya cika, masu tallafin suna son ganin an wallafa bayanan gwajin wake na daminar da ta gabata. Mai binciken, wata Dakta, ta ɗora fayilolin daga gidanta a Rijiyar Zaki da sabis ɗin wayarta. Hajiya ta duba bayanin kundin daga nata gidan a Gwale, ta mayar mata don ta gyara ma'aunin da ta rubuta buhu maimakon kilo, aka gyara, ta latsa wallafawa. Ni ina gida a Ɗorayi, wayata na kan cajin sola na maƙwabcina. Da na karɓo ta bayan magariba na tarar da saƙon Farfesa, ya turo mini lambar DOI ɗin, a ƙasa ya rubuta, "Malam, wannan ita ce zan sa a rahoton?" Na latsa ta, shafin ya buɗe da sunan Dakta da sunayen irin waken da lanƙwasarsu, na amsa masa, "Ita ce, ranka ya daɗe."